Akwatin Littattafan Abare

Malama Lubabatu ta sake share rumfar da aka riga aka share, kunnenta yana kan hanyar Anka. Yau jami'in ilimi zai zo gwada yaran, kuma sharaɗin ba ɓoyayye ba ne: idan babu mai iya karatu, akwatin littattafan da matan Abare suka yi shekara suna roƙo zai koma wani ƙauye.

Ba ta zauna haka kawai ba. Wata bakwai tana biya musu littafin karatunsu yadda aka biya mata allo tana ƙarama, ta faɗa su amsa, har shafi goma sha biyu suka zauna daram a kan yara ashirin da uku. Ɗiyarta Hafsa ce kaɗai ta gagara. Gubar dalmar dutsen zinare ta taɓa ta tun tana goye, abin da aka biya mata da safe kafin azahar ya zube. Don kada ta riƙa ɓata wa sauran amshi, uwar kan zube mata tsofaffin katunan haruffa a gefe, ta yi ta wasa da su. Yau kuwa bayan zana ta kai ta, ta ce kada ta ji ko tarinta. Abin ya yi mata ciwo, amma ta yi.

Babur ya tsaya. Jami'in, Malam Murtala, ya sauko, mutum marar yawan dariya, ya sauke akwatin ya buɗe shi, ya gaisa da iyaye mata da suka cika bakin rumfa, ya ce a buɗe shafi na huɗu.

Yara suka ɗauka da murya ɗaya, tiryan-tiryan, ko gargada babu. Wata tsohuwa har ta soma guɗa. Shi kuwa idanunsu yake kallo, ya ga ɗaya yana duban rufin rumfa, wata kuma littafinta a juye yake.

"Malama, wanga ba karatu ba ne, hadda ce," in ji shi.

Ya ɗauki alli ya rubuta layi guda a bango, wanda ba ya cikin kowane shafi, ya nuna yaran ɗaya bayan ɗaya. Na farko ya sunkuyar da kai. Ta biyu ta soma jawo shafi na ɗaya, ya ɗaga mata hannu ta yi shiru. Har ya kai kan na ashirin da uku ba wanda ya iya karanta layin. Kunya ta rufe Lubabatu, ta kasa duban matan da suka amince mata da 'ya'yansu.

Murtala ya rufe akwatin, ya kwance igiyar roba daga bayan babur don ya ɗaure shi ya koma da shi.

"A... ku... ya. Akuya ta... ci... ge... ro."

Muryar ƙarama ce, tana tafe tana tuntuɓe, amma ta kai ƙarshen layin. Murtala ya saki igiyar, ya dubi yaran, duk bakinsu a rufe.

"Wa ya karanta? Akwatin ga ba ya zuwa ko'ina, amma ina son ganin mai shi."

Lubabatu ta juya a hankali, hawaye na zubo mata. Ta wata ɓular zana ido ɗaya ne ke leƙen bango, na Hafsa, yarinyar da kanta bai taɓa riƙe hadda ba, wadda wata bakwai ba ta da abin yi sai kallon haruffa.