Gidan Tarihi Ranar Kasuwa

Adawiyya ta hau motar hatsi tun daga Baure, ta zauna kan buhun gero da ƙullin daddawa a cinyarta. Tun da aka kawo shari'a direbobi ke ware wa mata kujerar baya, amma ita ta fi son buhun, don kwandasta ba ya tsananta wa wanda ya hau kan kaya.

Ba kasuwa za ta ba. Wani gidan ajiye kayan tarihi take zuwa a cikin Daura, kuma ta daɗe da gane kansa. In ka je lokacin Sallar Gani, tattake ka za a yi. In ka je da hantsi, 'yan makaranta sun cika shi da ihu. Amma ranar kasuwa bayan azahar kowa na can wajen awo da dabbobi, sai gidan ya zama naka kai kaɗai. Tsofaffi irinta ba a matsa musu kan tikiti, ita kuwa ba ta zuwa wa maigadi Ɗantsoho hannu sake, saboda mutum ne mai son miyar kuka.

Wannan zuwan shi ne na ƙarshe, ta kuma sani. Yanar ido ta rufe mata na hagu ruf, na dama ma dishi-dishi yake gani. 'Yarta Saudatu ta ce kafin wata kasuwar za ta zo ta tafi da ita Mashi, ta gaji da jin an tsinci Iya a kwata. Abin da Adawiyya take so bai da yawa: ta cika ragowar idon nan da abin da take zuwa gani, kafin ya rufe.

Da ta iso sai ta tarar da doguwar mota a bakin ƙofa. Ɗalibai ne daga Katsina, maza layinsu, mata layinsu, sun cika ko'ina. Ɗantsoho ya shimfiɗa mata tabarma a gindin darbejiya, ya ce ta jira, yaran nan ba tarihi ya kawo su ba, hoto ya kawo su.

Ta jira. Shi kuma ya buɗe baki, don Ɗantsoho ko kaza ya samu sai ya ba ta labari. Ya yi tsadar taki, ya yi ciwon gwiwarsa, ya gangaro kan Malam Maharazu mai yi wa baƙi bayani. Ya ce bawan Allah ne, tun safe bai sa komai a cikinsa ba. Gwaggo ce ta raine shi, uban ya kawo shi birni ran da aka yaye shi, ya ce uwar ta rasu, ya kuma hana a sake tayar da zancen har shi ma ya bi. Adawiyya tana ta murza bakin mayafinta, idonta a kan rana. In ta faɗa bayan katanga, ɗakin zai yi duhu, zuwan ya tashi a banza.

Sai bayan la'asar motar ta tashi. Maharazu ya fito muryarsa a dushe, makulli a hannu. Da ya gan ta sai ya mayar da shi aljihu, ya ce Iyar ƙwarya ta zo, ai ba a rufewa.

Ta wuce takubba da akusa da tsofaffin saƙe-saƙe, ko kallo ba su ishe ta ba. Ta tsaya inda ta saba, gaban akwatin gilashin da aka jera ƙore masu zane. Ta tsaya ta wajen bango, ta bar masa wajen taga, wai haske yana sa ta hawaye. Ta yi tambayar da take yi kullum, da me ake zana su. Ya sake faɗa mata kamar bai taɓa faɗa ba, yadda ake gasa ƙarfe ya yi ja, yadda ake bin bayan ƙwarya da shi a hankali. Ta ce ya maimaita, kunnen ya tsufa. Ya maimaita.

Ta ce masa ya rame, ko matarsa ba ta iya tuwo ba ne, ga furfura har ta fito masa a gefen kunne. Ya yi dariya ya ce yanzu ya tabbata idon Iya garau yake, likita ne bai iya aikinsa ba.

Sai ta faɗa masa ba za ta sake zuwa ba. Ya shiga ofis ya fito da sabon zane a leda, ya durƙusa ya miƙa mata da hannu biyu.

"Duk shekara nakan yi wa mahaifiyata sadaka, Iya. Bana ke na ajiye wa. Ki roƙa mata gafara, Allah ya haskaka kabarinta."

Akwai maganar da ta taho da ita a baki tun daga Baure. Ta dube shi durƙushe, hankalinsa kwance da addu'arsa, sai ta haɗiye ta. Ta ce amin. Ta ɗora hannu a kansa, ta daɗe ba ta ɗauke ba, har hasken tagar ya tafi.

A bakin ƙofa Ɗantsoho ya riƙe mata sanda ya tsallakar da ita kwata. Ya ce shi dai abu ɗaya ke ba shi haushi da ita. Mutum ya yi ta hidima da ke shekara da shekaru, amma kullum sai "mai bayanin nan", ko sau ɗaya bai taɓa jin ta ce Maharazu ba. Sunan ne ke yi mata nauyi, ko raini ne irin na ƙauye?

Adawiyya ta gyara zanen a hammata, ta laluba hanya da sandarta.

"Mu a Baure, Ɗantsoho, uwa ba ta kama sunan ɗanta na fari."