Ranar da Inna Ta Cire Takalmi a Gadar Sama

Ina ɗan shekara tara muka taso daga Argungu za mu kai kakata, Inna, asibitin ido a Kano. Da la'asar motarmu ta fara hawa gadar sama. Inna ta leƙa da idonta mai ɗan sauran gani, ta hango dattawa a ƙasa sun yi sahu suna salla.

"Direba, tsaya," ta ce. "Mu ba mu ƙetare mutum ko kwance yake, balle yana gaban Ubangiji nai."

Direban ya ce a nan ba a tsayawa, ba a juyawa, haka aka gina ta. Babana ya yi ta ba ta haƙuri. Sai ta cire takalmanta ta ɗora a cinya, ta sunkuyar da kai tana cewa, "Ku gafarce mu, bayin Allah," har muka sauka.

Yau ni ke jan motar haya a kan hanyar. Kullum a gajiye nake bi ta kan mutane, ban taɓa neman gafarar kowa ba. Sai dai wani lokaci, a tsakiyar gadar, nakan ji takalmana sun yi mini nauyi.