Mai Gadin Littattafai

Shekarar da soja suka miƙa wa farar hula mulki, ina aji uku a firamare. Baba ya karanci Faransanci da Jamusanci a Turai, ya dawo ya kama aiki a laburaren jami'a.

Wata la'asar yana zaune a zauren gidanmu a unguwar Madabo yana liƙe bangon wani tsohon ƙamus, yatsunsa duk gam, sai ga Kawu, yayan Umma, da abokansa 'yan siyasa. Muƙami ya kawo masa a sabuwar gwamnati. Baba ya yi godiya, ya ce aikinsa ya ishe shi.

Kawu ya juyo gare ni. "Ke, in an tambaye ki aikin babanki a makaranta, me kike cewa?"

Na ɗaga murya, don alfahari nake yi da shi. "Mai gadin littattafai ne."

Zauren ya kwashe da dariya, wani har da share hawaye. Kawu ya ce, "Malam, ka ji ko? Duk zaman Turan nan, a gadi aka ƙare."

Kunya ta rufe ni, na kasa kallon Baba.

Shi ko ɗagowa bai yi ba. Ya danne bangon da tafin hannu, ya ce, "Ba ta yi ƙarya ba, Alhaji. Uwata, miƙo min almakashi."

Na miƙa masa.

Har ya rasu bai taɓa tayar da zancen ba. Ni ce har yau, in dariyar nan ta faɗo min, sai in sunkuyar da kai ko da ni kaɗai ce a ɗaki.