Adda a Hannun Ango

Lailatu ta buɗe ido da asuba ta ga angonta, Sharfuddeen, tsaye a kanta ya ɗaga adda.

Ashe don haka ya dage su kwana a duwatsun Roni cikin wannan zafi, su biyu rak, bayan rigimar da suka yi!

Ta lalubo dutse ta jefe shi a goshi. Ya zube, jini na tsartuwa, addar ta gangara can ƙasa.

"Laila, don Allah kar ki motsa," ya ce da ƙyar.

Sai a lokacin ta ji wani abu yana jan ciki a kan jiƙaƙƙen zanen da ta lulluɓa da shi don ta ji sanyi. Kububuwa ce, tana hawowa wajen wuyanta.