Kaset ɗin Rami Na Sha Takwas

Sau tara Vasantha tana mayar da kaset ɗin baya, sau tara kwamfutar tana rubuta mata cewa ba ta gane abin da ke ciki ba.

Wata 'yar baƙar na'ura ce da ba ta kai faranti ba, ana jona ta da talabijin. Mijinta Murugiah ya saye ta a shekarar 1983, ya shekara guda yana rubuta wasan golf a cikinta, wasan nan da ake buga ƙaramin ƙwallo da sanda daga rami zuwa rami. Na'urar ba ta riƙe abin da aka rubuta, sai an jona ta da rikoda an naɗe shi a kaset. Wasan ba hoto, sai rubutu zalla. Ya tambaye ka sunanka, ya faɗa maka nisan rami da inda iska ta dosa, ka zaɓi sanda, sannan ya ba ka labarin inda ƙwallonka ya faɗa. Tun yana saurayi Murugiah yake ɗaukar wa manyan garin Ipoh jakar sanduna a kulob ɗin golf, kuma ba a taɓa barinsa ya buga ko sau ɗaya ba. Shi ya sa ya gina nasa filin a falo.

Ranar Talatar da ya rasu, da za ta fita kasuwa, ya ce mata, "Yau zan gama. Kina dawowa ki buga har rami na sha takwas, ramin ƙarshe, na ajiye miki magana a can."

Ta dawo ta tarar da talabijin a kunne, kaset ya juya har ƙarshe, wata siririyar waya tana yashe a ƙarƙashin tebur. Washegari aka tsamo gawarsa daga tsohon ramin haƙar kuza mai cike da ruwa da ke bayan unguwa. 'Yan sanda suka ce santsi ne ya kwashe shi. Maƙwabta kuwa, da yake bakinsu ba ya hutawa, suka ce da ƙafarsa ya shiga don ya gaji da zaman gidan. Wannan maganar ce ta hana ta cin abinci kwana goma sha shida. Ta ƙudurta sai ta ji abin da ya bar mata, ko mai daɗi ko mai ɗaci.

Duk garin mutum ɗaya ne ya iya lallaɓa kaset mai gardama, wato Foong mai gyaran rediyo. Shi ne kuma wanda aka ji suna sa-in-sa da Murugiah mako guda kafin rasuwar, a kan wane ne ya ƙirƙiro lissafin iskar da ke cikin wasan. Kowa a layin ya ji Foong yana ihu, "Za ka gani!"

Yayanta Thangavelu ya hana ta zuwa. Shi ne ya tsaya mata tun ranar da abin ya faru. Da yammar ranar ya iso daga garin Taiping, inda ya ce ya kwana biyu, ya ƙwanƙwasa ƙofa sau uku kamar yadda ya saba, ya rungume ta tana kuka don mijinta bai dawo ba. Bai taɓa ƙaunar auren ba, ko sunan mijin ba ya kamawa, sai dai "ɗan dako". Amma da mutuwa ta zo, shi ya ɗauki komai a kansa.

"Wurgar da wannan tarkacen," in ji shi. "Ƙara ce kawai a ciki kamar kukan gyare. In kuma kin nace, ƙafata ƙafarki. Ban yarda da Foong ɗin nan ba."

Da tsakar rana suka shiga shagon. Wurin duhu ne, sai warin dalma da fanka mai gurnani. Foong bai yi ta'aziyya ba. Ya karɓi kaset ɗin ya juya shi a hannu, ya daɗe yana kallon rubutun Murugiah a jikinsa. Sai ya tashi ya jawo ƙofar ƙarfen shagon rabi, wai rana na hana shi ganin talabijin. Vasantha ta matsa kusa da yayanta, shi kuma ya dafa kafaɗarta.

Foong ya gwada sau biyu, na'urar ta ƙi. Ya yi tsaki.

"Mijinki, wallahi, kansa na ja amma hannunsa na rawa. Bari in ji da kunnena, ƙarar ce ke faɗa mini ciwon."

Ya zare wayar da ke kai sauti cikin kwamfuta, ya danna maɓallin rikoda. Ba a ji kukan gyare ba. Abin da ya fito shi ne kaɗawar fanka, da motsin kujera, da muryar mutum yana 'yar waƙarsa ƙasa-ƙasa. Vasantha ta toshe baki, don ta san waƙar.

"Kash," in ji Foong, muryarsa ta yi sanyi. "Ya sake mantawa. Na gaya masa ya fi sau goma. In ba ka soka wayar ba ka danna ɗauka, ba wasan rikoda ke ɗauka ba, ɗakin take ɗauka."

Ta tuna wayar da ta share daga ƙarƙashin tebur.

"Ya isa haka," in ji Thangavelu. "Kashe. Kana ƙara mata ciwo ne kawai."

Foong ya kai hannu, Vasantha ta riƙe shi. Muryar mijinta ce, ta safiyar ƙarshe, ba mai raba ta da ita. A cikin kaset Murugiah ya yi dariya shi kaɗai, dariyar mutumin da ya gama aikinsa yana jiran matarsa. Wanda ya gaji da duniya ba ya irin wannan dariyar, kuma ta ji wani dutse ya sauka daga ƙirjinta.

Hannun da ke kan kafaɗarta ya fara matsewa, har ta ji farce a cikin namanta.

A cikin kaset aka ƙwanƙwasa ƙofa sau uku, sannan wata murya da ta sani tun tana goye ta ce, "Ɗan dako, taso mu taka zuwa bakin ramin kuza, akwai magana."