Tafintan da Ba Ya Jiran Amsa

Tunda ka ce jibi za ka haɗa sabuwar na'ura da tsofaffin injinan kamfaninku, zauna in ba ka misali.

An yi wani injiniya, ya san aikinsa ƙwarai, sai dai yana da rawar kai. Wani kamfanin casar shinkafa ya kira shi. Injinan wurin duk sun girme shi, da na turarawa, da na busarwa, da bel ɗin da ke jan shinkafa daga wannan zuwa wancan. Waya ɗaya ce ta bi ta kansu duka, kowane inji da lambarsa, a kira shi ya amsa. Na'urar da ke ba su umarni ce ta mutu, mai kamfani ya sayo sabuwa, sai aka tarar ba ta jin yarensu, su ma ba sa jin nata. Injiniya ya kawo wani ɗan akwati da bai fi tafin hannu ba ya sa a tsakani, yana ɗaukar maganar sabuwa ya juya wa tsofaffin, ya komo da amsarsu. Ma'aikata suka laƙaba wa akwatin suna tafinta.

To, a cikin tafinta akwai inda ake rubuta tsawon lokacin da zai jira amsa kafin ya ce inji bai amsa ba. Injiniya ya ga an bar rabin sakan, ya ja tsaki. Rabin sakan, a wannan zamanin? Ya zaftare shi, har ƙiftawar ido ta fi abin da ya bari tsawo. Ya gwada da injin busarwa babu kaya a cikinsa, inji ya amsa nan take. Sai ya bugi ƙirji ya ce wa mai kamfani a jiƙa shinkafa, gobe da hantsi aiki zai tashi. Aka cika tanki uku da shanshera, wato shinkafa mai ƙaiƙayi, ta manoman da suka kawo a cashe musu. Shinkafar da ta kwana a ruwa cikin zafin bazara kuwa ba ta jiran kowa. In ba a turara ta an busar ba kafin la'asar, tsami za ta yi.

Da hantsi aka kunna. Bel ya ja kaya minti biyu, ya tsaya cak. Allon na'ura ya yi ja, wai injin busarwa bai amsa ba, ita kuwa an gina ta ne ta tsayar da komai duk lokacin da wani inji ya yi shiru. Ga inji yana ruri a gaban kowa, amma na'ura ta ce ya mutu. Aka sake kunnawa, wannan karon na turarawa ne ya yi shiru. Injiniya ya zargi waya. Ya bi waya taku-taku yana ɗaure kusoshi, ya yanke wadda ya ga ta tsufa ya sa sabuwa. Ya cire tafinta ya sa wani, ya kuma rubuta masa irin wancan ɗan lokacin, don ko kusa bai zargi hannunsa ba. Da abin ya ƙi, sai ya umarci tafinta ya riƙa maimaita kira sau biyar a jere, a ganinsa mai naci dole a amsa masa. Nan ya jagula lamarin, sabon kira ya riƙa karo da tsohuwar amsa a kan waya ɗaya, ba mai jin wani.

Azahar ta wuce. Mai kamfani yana tsaye a bakin ƙofa, manoma suna zaune a gindin darbejiya suna leƙen cikin kamfani. Injiniya ya hau tanki na farko ya ga kumfa ta taso a kan ruwa. Ya ɗebo da hannu ya shinshina, ya ji tsami ya fara. Tsoro sosai ya kama shi, rigarsa ta jiƙe sharkaf da gumi.

Sai wani tsoho mai kula da tukunyar tururi, wanda ya shekara talatin a wurin, ya ce bari ya gwada tayar da injin busarwa da hannu. Ya danna maɓalli, ya harɗe hannuwa a baya ya tsaya.

"Baba, sake dannawa, bai ji ba!" in ji injiniya.

"Ya ji, Injiniya. In da kaya a cikinsa, sai ya nisa tukuna yake amsawa."

Tsoho bai rufe baki ba koriyar fitila ta kama. Nan injiniya ya gane kuskurensa, tafinta ba ya jiran inji mai kaya ya nisa ya amsa. Da gudu ya koma ya mayar da rabin sakan ɗin da ya raina, ya hana tafinta naci. Injina suka amsa ɗaya bayan ɗaya, bel ya ja, tururi ya tashi. Aka ceci tanki biyu. Na farko kam ya riga ya yi tsami, warinsa har bakin titi, sai masu kiwon kaji aka kira suka kwashe. Mai kamfani ya ce shi ba zai iya haɗa ido da manoma ba, wanda ya bugi ƙirji jiya shi zai fita ya faɗa musu. Haka injiniya ya fita kansa a sunkuye, ya tsaya gaban mutanen da suka yi wata huɗu suna korar tsuntsu a fadama, ya faɗa musu tanki ɗaya ya lalace.

Rabin sakan ya so ya rage, ya yi asarar yini guda da tankin shinkafa. Shi ya sa Hausawa suka ce, sauri ya haifi nawa.