Idanun Raguna

Tsohon ya riga ya shafa wa babban yatsansa tawada lokacin da likitan ya janye takardar amincewa.

Abokan aikin likitan sun ce kada ya tsawaita bayani, wai mutumin da yanar ido ta rufe wa gani shekara huɗu ba zai tambayi komai ba. Ga sabon madubin tiyata da arzikin fetur ya sauke a Katsina, ga hannunsa na ƙaiƙayi. Amma bakinsa ya ƙi yin shiru.

"Baba, wannan aikin sabo ne. Ban taɓa yi wa ɗan Adam ba, a idanun raguna na koya. In ka fi son tsohuwar hanyar, ita zan yi maka."

Tsohon ya miƙa hannu. Ya lalubo takardar sabon aikin da kansa, ya dangwala.

Ranar da aka kwance bandeji, ya ƙyafta ido, ya bi hasken taga da kallo, ya yi kabbara har ma'aikatan jinya suka sheƙo da gudu. Sannan ya ƙura wa likitan ido, ya fashe da dariya.

"Ashe haka kake, ɗan nan! Ni mahauci ne. Wata bakwai 'ya'yana na ƙwaƙule idanun raguna a mahauta, wai wani likita na unguwar GRA ke so. Jira nake in ji ko za ka faɗa mani da bakinka. Wallahi da ka ɓoye, da sandata zan laluba in yi gida."